Shahidin da Aka Aro Daga Gidanmu

Shekara ashirin da 'yan kai tsofaffin sojojin ƙauyenmu suka yi suna kai da komo a cikinmu, ba wanda ya taɓa ce musu sannu da yaƙi. Su huɗu ne suka dawo daga yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Taliyan a duwatsun Habasha. Ɗaya kuku ne, ɗaya wankin kayan hafsoshi ya yi, ɗaya ya busa begila har haƙoransa na gaba suka zube, na huɗun kuwa alfadarai ya kora, ya dawo da ɗingishi. Shi ne muke ce wa Baba mai alfadari. A lokacin da nake ba da labari, aikinsa shiga tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, yana yankan ciyawa da lauje, ruwa har ƙirji. In ya ɗauko labarin yaƙi a gindin bishiya, nan take kowa zai tuna ya bar wani uzuri a gida.

Su biyar suka tafi. Na biyar ɗin yayana ne, shi ne bai dawo ba.

Ƙauyenmu yana kusa da garin Wad Haddad, a ƙasar Sudan. Iyayenmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira, wai kaka ɗaya tak za su yi su wuce. Kakar ce ba ta ƙare ba har muka haifi namu 'ya'yan. Ni a nan aka yanke mini cibiya, amma a wurin gwamnati baƙo ne ni, mai wucewa. Ba ni da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da ita ba a ba shi hawasha, gonar da hukuma ke yanka wa manomi. Ina da shekara talatin da biyu da 'ya'ya huɗu, ina noma hawashar wani bawan Allah da ke zaune a shagonsa a garin Hasahisa. Ni ne shuka, ni ne ban ruwa, ni ne korar tsuntsu. Shi kuwa Allah ya hore masa wahalar zuwa ranar rabo ya kwashi rabin dawa.

Innarmu ta shekara arba'in a Sudan ba wanda ya taɓa jin kalmar Larabci a bakinta, in ba a salla ba. Ko gishiri za ta saya a kasuwa, da yatsa take nunawa. In an yi mata tsiya sai ta ce, "Mi zan yi da harshen mutane, mu da ke bisa hanya?"

Ranar da sojojin nan huɗu suka sauko daga lori, ina ɗan shekara goma sha, Inna ta fito tana leƙen bayansu. Baba mai alfadari ya durƙusa a gabanta ya ce da yaƙi ya ƙare an sauko da su bakin teku, yayana ya ji an ce Jidda tana tsallake, sai ya shiga jirgin ruwa, ya ce a gaya wa Inna ya yi gaba. A wurin wasu mutane wannan zance ba zai shiga kunne ba. A wurinmu kuwa ba abin mamaki ba ne, don kowane gida yana da wani da ya yi gabas ba sallama. Mu ba ma cewa mutum ya ɓata in dai gabas ya nufa, sai mu ce ya wuce.

To tun daga shekarar, duk lokacin da alhazai za su dawo, Inna za ta wanke zanenta, ta ciro takalmanta na fata da ba ta sa su sai Idi da wannan rana, ta taka har tashar Wad Haddad. Taga taga take bin jirgin ƙasa tana tambaya, "Kun ga wani dogo, baƙi, mai wushirya?" Alhazai kuwa mutanen kirki ne, ba a taɓa rasa wanda ya gan shi ba. Wani ya gan shi yana sayar da ruwa a Makka, wani ya gan shi a Madina ya yi ƙiba. Da wannan take dawowa gida, ya ishe ta har baɗi. Mazan gari duk sun san yayana ya rasu a can. Ni ma da na girma Baba mai alfadari ya gaya mini, a taƙaice, ban kuma nemi ƙarin bayani ba. Gari guda ya riƙe bakinsa shekara da shekaru, kuma in za a faɗi gaskiya wannan shi ne aikin alheri ɗaya da na san ƙauyenmu ya haɗu a kansa.

Sai aka kawo mana sabon zabit, jami'in hukuma mai kula da yankinmu. Yaro ne matashi mai gashin baki da agogon hannu, ba ya gama jimla bai duba agogon ba. Shi ya aiko cewa duk ƙauyen da ya ba da sojoji ya gina abin tunawa da su, zai zo da kansa ya buɗe. Maƙwabtanmu Larabawa na tsallaken tur'a suka riga mu, suka tsayar da ginshiƙin siminti, suka shafe shi da farar ƙasa, suka rubuta sunan shahidansu biyu. Shehun garinmu ya je ya gani, ya dawo ya kasa cin abinci.

Aka yi taro a rumfar masallaci. Shehu ya ce mu ma ginshiƙi za mu yi, wanda ya fi nasu tsawo da kamu biyu. Liman ya ce ba da shi ba, dutse a tsaye ana taruwa a gabansa ai gunki ke nan. Aka yi ta ja har wani ya ce a yi sabil, wato rumfa a bakin hanya da randunan ruwa, matafiyi ya sha a samu lada. Kowa ya ce madalla. Ga lada, ga kunyata maƙwabta, a ƙarƙashin rumfa ɗaya.

Kai, ka ga ikon Allah! Kafin mako ya zagayo tsofaffin nan huɗu sun zama jarumai. Mutanen da ke gudun labarinsu jiya, yau su ne ke cewa, "Baba, wai ya aka yi a dutsen nan?" Aka shiga neman kakinsu. Wandon kuku an daɗe da mayar da shi akumarin jaki. Lambar girman mai begila aka samu a wuyan jikarsa, an haɗa ta da layu saboda fitowar haƙori. Aka kwance, yarinya ta yi ta tsala ihu. Baba mai alfadari aka tsamo shi daga tur'a, aka ce ya huta mako guda fatarsa ta bushe, Shehu ya ba shi jallabiya fara. Aro fa, kada ka ce kyauta.

Gini ya tashi, bango ɗaya da rumfa da gindin randa biyar. A nan ne Shehu ya gano babban gibi. Maƙwabta suna da shahidai biyu, mu ko rabi ba mu da shi. Jarumanmu huɗu duk suna raye, suna cin tuwo da kyau, ba kuma alamar ɗayansu zai taimaki gari kafin ranar buki.

Bayan sallar azahar ya riƙe hannuna. "Ɗana, kai ne namijin gidanku. Yayanka ya ba da rainai saboda ƙasag ga, ya kamata a rubuta shi a sama, da jan fenti." Sannan ya rage murya ya ce zabit ya faɗa masa da bakinsa, dangin shahidai su za a fara dubawa wajen jinsiyya, ga kuma sababbin hawashoshi ana yankawa yamma da mu.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, Inna fa?"

Ya ce, "Tsohuwa tana karatu? Tana jin Larabci? Rubutu da Larabci, jawabi da Larabci. Ta zauna cikin mata, ta ga an yanka rago, ta koma gida. Mi ya taɓa ta?"

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Na kuwa yi tunanin, daga ƙofar masallaci har gindin bishiyar dogon yaro, taku goma cur. Na juyo na ce na yarda.

A gidanmu, in ni da matata muna son ɓoye wa Inna magana, Larabci muke juyawa, a gabanta, kamar yadda kowa ke yi wa tsofaffi a garin. Da la'asar ɗin nan tana zaune a kan tabarma tana kaɗi, tsakaninmu bai fi kamu uku ba, na kwashe zancen na gaya wa matata. Ta ce ba na tsoron Allah. Ni kuwa dama zuciyata a kusa take, na ɗaga murya. Na ce mutumin da ya mutu shekara ashirin ba ya cin dawa, 'ya'yanki ne ke ci. Na ce har yaushe za mu zauna bayin wani saboda tsohuwa na jiran wanda ya zama ƙasa? Na ce na gaji da raka ta tasha duk shekara ina jin alhazai na shirga mata ƙarya. Duk na faɗa, ban rage ba. Mazarin Inna na ta juyawa, bai ko karkace ba. Da na yi shiru sai ta ɗago ta ce mini, "Ka ci abinci kuwa?"

Ranar buki tun da hantsi aka jera jarumai huɗu a rana, don an ce soja ba ya shiga inuwa. Mu da ba mu taɓa jin ƙarar bindiga ba muka zauna a ƙarƙashin rumfa. Wani malamin makaranta ya rubuta sunayensu a bango da baƙin fenti, na yayana a sama da ja. Mata na gefe guda a kan tabarmi, Inna a cikinsu. Zabit mai agogo ya makara da sa'a uku. Da motarsa ta ɓullo aka ce mai begila ya busa. Bawan Allah ya cika kumatu, iska ta bi ta gurbin haƙora, abin da ya fito jakunan gari ne kawai suka gane shi, suka kuwa amsa.

Zabit ya yi jawabi mai tsawo a kan jini da ƙasa. Ya ɗebi ruwa a randar farko, ya kai baki, ya ji warin sabuwar ƙasa, ya miƙa wa direbansa. Shehu sai murmushi yake, komai na tafiya daidai. Saura a yanka rago kowa ya watse, sai yaron nan ya ɗaga kai ya karanta jan rubutun, ya yi abin da ba wanda ya shirya masa. Ya ce, "Ina uwar shahidi? Wa kuma ke tare da shi lokacin da ya faɗi?"

Shehu ya ce tsohuwa ce tukuf, ba ta jin Larabci. Zabit ya ce ba komai, a fassara mata, amma tukuna a kawo wanda ya shaida. Aka turo Baba mai alfadari gaba, jallabiyar aro na jan ƙasa. Ya sara wa zabit. Ya dubi Shehu, ya dube ni, sannan ya juya ya dubi wajen mata. Da Larabcinsa na bariki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na gan shi ya shiga jirgin ruwa, ya nufi Jidda."

Fuskar zabit ta canza. Ya ce, "Gudu ya yi ke nan? Wanda ya gudu daga soja kuka rubuta mini da jan fenti?" Ya yi 'yar dariya ya ce dama an gaya masa halinmu, jikinmu na nan, zuciyarmu na kan hanya. Ya duba agogo, ya fara rufe littafinsa. Rawanin Shehu ya jiƙe sharkaf. Ni kuwa, tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, ba tausayin kowa na ji ba. Haushin Baba na ji, har na ji kamar in shaƙe shi. Ina kallon hawasha tana tafiya, saboda wani gurgun tsoho ya ƙi karya maganar da ya yi wa wata tsohuwa.

Ban ga tashin Inna ba, sai ganinta na yi tana ratsa tabarmin maza, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta tsaya a gaban zabit, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta buɗe baki, da Larabci tsantsa irin na matan Jazira, ta ce, "Ana ummu. Waladi mat." Ni ce uwarsa, ɗana ya mutu.

Abin da ya faɗo mini ba hawasha ba ce, la'asar ɗin nan ce, da kowace kalma da na furta a kanta tana kaɗi.

Ta juya wajen Baba, ta koma Hausa. "Faɗa mai, malam. Ka riƙe, ya isa haka nan. Wanga yaro na da ɗiya huɗu."

Baba ya fashe da kuka, ƙaton tsoho, a gaban mata da yara. Ya ce ba harsashi ba ne. Zazzaɓi ne ya kama shi a kan dutse, ya kwana takwas a tanti, ranar ta tara da safe ya cika. Ya ce shi ya yi masa wanka da rabin garwar ruwa, shi da kuku suka sallace shi, suka haƙa abin da dutse ya bari suka haƙa, suka jera masa duwatsu saboda kuraye. Malamin makaranta na fassara wa zabit. Na lura rashin harsashin bai yi masa daɗi ba, amma ya sake buɗe littafi ya yi rubutu, ya ce ƙasa na alfahari da ita. Matar Shehu, da aka shirya da ita tun jiya cewa da ta ji an ambaci alfahari ta rangaɗa guɗa, ta rangaɗa. Ba wadda ta taya ta, ta haɗiye sauran.

Inna tambaya ɗaya ta yi wa Baba. "An samu likkafani?"

Ya ce, "Bargon soja munka sa mai."

Ta ce, "To." Ta juya ta nufi gida, ba ta jira rago ba. Sauran jama'a sun jira, an kuma ce naman ya yi daɗi.

Kwana uku ta zauna karɓar gaisuwa, a makare da shekara ashirin da 'yan kai. Mutanen da suka ci ragon su ne suka yi layi suna cewa Allah ya ba da haƙuri. Matata ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, ashe kina ji?" Ta ce, "Shekara arba'in ina cikin mutane, kurma nike?" Ni na durƙusa a gabanta, na haɗa kalmomi tun daga gona, da na zo duk suka watse. Ta ce in tashi, gwiwar wandona za ta yage. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na so a ce takardar jinsiyyar ba ta fito ba, da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Ta fito. Bayan wata takwas aka kira ni na dangwala yatsa, shekara ta zagayo aka nuna mini hawashata. Dawarta na ci, da audugarta na sa 'ya'yana makaranta, yau ma jikokina a kanta suke. Duk lomar da na kai baki na san inda ta fito.

Sabil kuwa, mako biyu gari ya yi yana rububin cika randuna. Daga nan ya koma hannun Baba mai alfadari shi kaɗai. Ya mayar wa Shehu jallabiyarsa a wanke, ya koma tur'a, in ya fito da yamma ya ɗauko garwa biyu yana ɗingishi ya zuba. Bayan rasuwarsa awaki suka gaji wurin, suna kuma kula da shi daidai gwargwado. Jan fentin damina biyu ya yi. Ginshiƙin maƙwabta ma jakuna ake ɗaurewa a jikinsa, saboda haka ba wanda ya ci wani.

A shekarar bukin, da lokacin dawowar alhazai ya yi, ni da na ce na gaji da zuwa tasha, ni ne na je na aro keken jaki don kada ta taka. Da hantsi na shiga ɗakinta na ciro takalman fatan nan daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe su da hannun rigata, na ajiye a gabanta. Tana kan tabarma tana kaɗi. Na ce, "Inna, yau jirgin alhazai ke isowa. Ga keke a ƙofa."

Ta dubi takalman, ta daɗe tana dubansu. Ta ce, "In je in tambayi wa?"

Ta tura su da gefen ƙafa ta ce in kai wa matata, ƙafarsu ɗaya. Ina tsaye riƙe da su jirgin ya yi kuka daga nesa, can wajen Wad Haddad. Mazarinta ya tsaya cak, zaren na rawa a hannunta, har kukan ya mutu. Sannan ta lashi yatsa ta ci gaba da kaɗi.